DARASI: MAI DUBA ALADE, INA RUWANSA DA SHANUNMU?

Kwanan baya a Choggu wani dattijo ya hana malamin dabbobi duba shanunsa, wai an gaya masa jiya-jiya yaron ya fito daga garken aladu. Aka yi ta ja-in-ja har mota ta tafi Kumasi ta bar shi. To, a kan wannan za mu yi darasinmu na yau.

Manyanmu sun san bushiya. Cuta ce da a da takan share garke cikin 'yan kwanaki: zazzaɓi, gyambon baki, zawo, sai mutuwa. Tun zamanin Turawa aka yi ta yaƙi da ita daga Pong-Tamale, nan gaba da Savelugu. Amma allurar da ta karya lagonta wani Bature ne ya haɗa ta, Walter Plowright, haifaffen Ingila a 1923. Ya yi aiki a Vom kusa da Jos, sa'an nan ya koma Muguga ta ƙasar Kenya, inda ya samo allurar wajen 1960. Sau ɗaya ake yi wa saniya, shi ke nan har ta mutu. A 1962 aka fara babban gangamin allura a ƙasashen Tafkin Cadi, a 2011 kuma aka yi shelar bushiya ta ƙare a duniya. Shi kansa ya rasu a 2010, bai ji shelar ba.

Ga abin da dattijonmu bai sani ba. Wannan mutum dai shi ne ya duƙufa a kan zazzaɓin aladu na Afirka, har shi da abokan aikinsa suka gano ƙwayar cutar a jikin wata kaska mai zama a ramin mugun dawa. Daga baya ya zama farfesa a kwalejin likitocin dabbobi ta Landan. Wato hannun da ya ceci shanunmu ya sha taɓa alade!

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Zazzaɓin aladun nan, wanda ya shigo Gana a 1999, ba ya kama saniya, ba ya kama mutum. Gaskiya ne. Amma fa boru, ciwon baki da kofato, bai san bambanci ba. Alade in ya kamu, ƙwayar da yake fitarwa a numfashi ta ninka ta saniya nesa ba kusa ba. A Ingila a 2001 daga gonar aladu ya ɓulla, kafin a shawo kansa sai da aka kashe dabbobi sama da miliyan 6, har da shanu da tumaki. Mu ba ma kiwonsa, ba ma cinsa, amma maƙwabta na yi, iska kuwa ba ta tambayar addinin mai garke.

Abin da ya kamata dattijo ya nema shi ne tsabta, wannan kam haƙƙinsa ne. Malami ya wanke takalminsa da magani, ya sake riga, ya ɗauko sabuwar allura. Mu ma mu wanke mota bayan kowane lodi. Sabon saye kuma a ware shi gefe kamar mako 2 kafin a haɗa da garke. In an ga dalala da ɗingishi, kada a loda, a kira malamin.