Darasin Ƙididdiga A Wayarka: Mutum Nawa Ya Kamata Ka Gwada Kafin Ka Yanke Hukunci?

Darasin yau na ɗaliban kimiyyar halittu da na aikin lafiya ne, musamman masu rubuta binciken kammala karatu. Wayarka da manhajar Google Sheets ko Excel sun ishe ka.

Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2021 ya nuna kashi 22 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu. A 2010 adadin kashi 42 ne, a 2015 kuma kashi 27. Ba duk yaran ƙasar aka gwada ba. An ɗibi wasu ne su wakilci sauran, su ake kira samfur. Duk adadin da ya fito daga samfur kuwa kintace ne, yana tafe da tazarar kuskure.

Misali daga nan gida

A ce ka gwada yara 50 a Narayi, 11 suka fito da cutar, wato kashi 22. Ka gwada wasu 50 a Kakuri, ka samu 15, wato kashi 30. Ɗalibai da yawa nan take za su rubuta cewa cutar ta fi yawa a Kakuri. Dakata tukuna, mu tambayi lissafi.

Buɗe sabon shafi a manhajar, ka cike gidajen kamar haka:

A1: 50, yawan waɗanda ka gwada
A2: 11, waɗanda aka samu da cutar
A3: =A2/A1
A4: =1.96*SQRT(A3*(1-A3)/A1)
A5: =A3-A4
A6: =A3+A4

A3 zai ba ka 0.22, A4 kuma 0.115, ita ce tazarar kuskuren. A5 da A6 za su nuna 0.105 da 0.335. Ma'ana, ainihin adadin Narayi zai iya kasancewa ko'ina daga wajen kashi 10 zuwa kashi 34. Yanzu goge 11 ka sa 15. Za ka ga na Kakuri ya kama daga kashi 17 zuwa 43. Tazarorin biyu sun shige cikin juna sosai, don haka yara 50 a kowace unguwa ba su isa su nuna bambanci ba. Wata rana ka sake ɗiba, Narayi ce za ta iya zama a sama.

Daga ina 1.96 ta fito? Ita ce lambar da ke ba da tabbacin kashi 95. Da za ka maimaita ɗibar samfur sau 100, kana wannan lissafi kowane karo, kusan sau 95 tazarar za ta kama ainihin adadin.

Ƙara yawan samfur

Mayar da A1 zuwa 200, A2 zuwa 44. Har yanzu kashi 22 ne, amma tazarar ta dawo 16 zuwa 28. Sa 500 da 110, za ta koma 18 zuwa 26. Ka lura: kafin ka rage kuskure da rabi, sai ka ninka samfurinka sau huɗu. Yi wannan lissafi tun kafin ka sayi kayan gwaji, ka san abin da kuɗinka zai iya tabbatarwa.

Abin da yawa ba ya gyarawa

Mai sayen masara a kasuwa ba ya yarda da ta bakin buhu, sai ya zura hannu can ciki, don ya san mai kyau ake ɗorawa a sama. Haka samfur yake. In a layin ganin likita ka ɗebi yaranka, marasa lafiya ka tara, adadinka zai yi sama ko da dubu ka gwada. In da rani ka gwada wata unguwa, ɗayar kuma da damina lokacin da sauro ya yi yawa, yanayi ka auna, ba unguwa ba.

Maganin wannan shi ne zaɓen ƙuri'a. Ba kowane gida lamba, ka rubuta =RANDBETWEEN(1,800) idan gidajen 800 ne, ka bi lambobin da manhajar ta fitar, ba gidan da ya fi kusa da titi ba.

Hattara da abu biyu. Wannan lissafi ba ya aiki da kyau idan masu cutar, ko marasa ita, ba su kai goma ba. Sannan idan yara da yawa daga gida ɗaya ka gwada, ainihin kuskuren ya fi wanda ka gani faɗi, domin sauro ɗaya ke cizon su.

Saboda haka kada ka rubuta "kashi 22" kawai. Rubuta yawan waɗanda ka gwada, yadda ka zaɓo su, watan da ka yi gwajin, da tazarar kuskuren. A darasi na gaba za mu ga yadda ake kwatanta rukuni biyu kai tsaye, in sha Allahu.