YADDA A KE GINA ƘWAƘWALWAR JARIRI A CIKI

Masu gida da matan gida na Yako da kewaye, ku saurara. Ƙwaƙwalwar ɗanku ba ran haihuwa a ke fara ta ba. Tun watan farko na ciki a ke kafa tushenta, lokacin da uwar ma ba ta tabbata tana da ciki ba.

Yaya a ke fara ginin?

Jikin mutum duka an yi shi da waɗansu 'yan ƙwayoyi ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Cikin kowace ƙwaya akwai umarni da ɗa ya gada, rabi daga uba, rabi daga uwa. Masana suna kiran waɗannan ƙwayoyin gado.

Wajen kwana 18 da shigar ciki, waɗansu ƙwayoyi su kan jeru a bayan ɗan tayi kamar 'yar tabarma. Sa'an nan gefe da gefe su naɗo, su haɗu, su zama kamar bututu. Kafin kwana 28 bututun ya rufe. Samansa shi ne zai zama ƙwaƙwalwa, ƙasansa kuwa lakar da ke cikin ƙashin baya.

Wa ke gaya wa ƙwaya aikinta?

Ƙwayoyin nan aika wa juna saƙo su ke yi, ƙwayoyin gado kuwa su ne ke shirya saƙon. Ku tuna da makaɗi a wurin gayya. Na kusa da shi ya ji ganga da ƙarfi, na nesa ya ji kaɗan. Haka wani saƙo ya ke, wanda masana suka gano a 1993, suka sa masa suna Sonik Hejhog. Daga gefen bututun da ke fuskantar cikin ɗan tayi ya ke fitowa. Yawan abin da ƙwaya ta samu shi ke nuna mata abin da za ta zama. Ta haka a ke samun jijiyoyin da ke motsa hannu da ƙafa.

Akwai kuma uwayen ƙwayoyi, watau masu haifar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Wani saƙo mai suna Noc shi ke tsare su. Ƙwayar da ta tashi zama jijiya sai ta aika wa maƙwabciyarta, "Ke dakata tukuna." Manomi mai hankali ba ya cinye dawarsa duka, ya kan ajiye iri. Da uwayen nan sun ƙare da wuri, da ƙwaƙwalwa ba ta cika girma ba. Ƙwaƙwalwar baligi tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86.

In bututun bai rufe ba fa?

In ƙasansa ne ya saura a buɗe, sai a haifi yaro da ƙulli a gadon baya. Sau da yawa ƙafafunsa ba su da ƙarfi, kansa kuma ya riƙa kumbura da ruwa. In samansa ne, yaron ba ya rayuwa. Wannan ba aikin iska ba ne, ba na maye ba, ba kuwa laifin uwa ba ne. Kada a tsaga ƙullin, kada a shafa masa kome. A rufe shi da tsabtataccen ƙyalle, a kwantar da yaro rubda ciki, a kai shi asibiti ran nan. Daga can za a tura shi Kano wurin likitocin da ke yin aikin.

Rigakafi

Ƙwayoyi ba su iya wannan aiki sai da wani sinadari da a ke kira folik asid. A 1991 likitocin Ingila suka ba da sakamakon wani babban gwaji a kan matan da suka taɓa samun irin wannan ciki. Ƙwayar folik asid ta hana wajen kashi 7 cikin 10 na maimaituwar cutar. Amma sai an fara sha kafin bututun ya rufe. Amaryar da ta ɓoye cikin fari don kunya, ta zo awo a wata na 5, ta makara ga wannan.

To, ga abin da za ku yi:

1. Duk macen da ke sa ran ciki ta fara shan folik asid kullum tun kafin ta samu, ta ci gaba bayan ya shiga. Ku tambaya a asibitin da ke kusa da ku.
2. Wadda ta taɓa haifar yaro mai ƙulli a baya ta faɗa wa likita, gama nata adadin ya fi na sauran.
3. A ci zogale, da alayyahu, da rama, da wake, da gyaɗa. Kada a dafa ganye har ya mutu. Amma abinci kaɗai ba ya maye gurbin ƙwayar.
4. A yi miya da gishiri mai aidin, a ajiye shi a rufe. Rashin aidin ke kawo maƙoƙo ga uwa, ya dakushe basirar ɗa.
5. Mai farfaɗiya ko ciwon sukari ta ga likita kafin ciki. Kada ta bar maganinta da kanta.
6. Mai ciki ta kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya kama ta, a kai ta asibiti nan da nan.

Maigida, kai ne mai ba da izini da kuɗin mota. Uwar miji, ke ce mai lura da amarya, ki raka ta awo da zarar ta yi ɓatan wata. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Tun ran gini, tun ran zane.