Tarar Gudun Mota: Abin da Ya Kamata Hakimai da Malamansu Su Sani

Sau da yawa direba yakan zo ƙofar hakimi da takarda a hannu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, an tsare ni a hanyar Dange wai na yi gudu, a taimaka a sa baki." Wajibi ne hakimai da malamansu su san ma'anar wannan takarda, domin shawarar da za su bayar ta zama mai amfani.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ce ke ba da ita. An kafa hukumar a 1988, aka sabunta dokarta a 2007. Bisa ƙa'ida, mota ba ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, watau kamar mil 31. A babbar hanya, irin ta Sakkwato zuwa Illela, ƙaramar mota ba ta wuce kilomita 80. Jadawalin dokar 2007 ya sa tarar naira 3,000 a kan wanda ya ƙetare iyaka.

Takardar nan tuhuma ce, alƙali bai yanke hukunci ba tukuna. Saboda haka hanya biyu ce a gaban direba. Ta farko, ya biya tara a asusun gwamnati ta banki, ya karɓi rasit ya ajiye. Kada ya miƙa wa kowa kuɗi a bakin titi. Amma fa wanda ya biya ya amsa laifi ke nan. Ta biyu, ya ƙi amsawa, a kai maganar gaban majistare. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar masa da cewa ba shi da laifi sai an kawo hujja, kuma tilas a saurare shi.

Kafin direba ya zaɓa, sai malamin hakimi ya zauna da shi, ya yi masa tambayoyi huɗu, ya rubuta amsarsu:

1. A daidai ina aka tsare shi, cikin gari ko bayan gari, kuma da ƙarfe nawa?
2. An nuna masa abin da na'urar auna gudu ta rubuta?
3. Lambar mota da kwanan wata da ke jikin takardar daidai ne?
4. Akwai fasinja ko wani mai shaida da zai yarda ya tsaya a kotu?

In amsoshin sun nuna lalle ya yi gudu, gara ya biya nan da nan, gama kwana biyu na zirga-zirgar kotu za su ci masa abin da ya fi tarar. In kuwa akwai kuskure bayyananne, kamar a ce lambar wata mota aka rubuta, to ya cancanta ya je kotu. Sai ya tafi da takardar, da lasisinsa, da shaidunsa, ya isa da wuri, ya yi magana da ladabi. In hukunci bai gamshe shi ba, yana da ikon ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha.

Abu guda ne hakimi zai kiyaye ƙwarai: kada ya aika da wasiƙar neman alfarma. Tun 1968 kotuna suka fita daga hannun En'e suka koma hannun gwamnati, saboda haka wasiƙa irin wannan ba ta soke tuhuma, sai dai ta zubar da girman mai ita. Haka kuma a gargaɗi direba kada ya gwada ba da toshiyar baki, gama dokar 2007 ta sa wa wannan laifi tarar naira 10,000.

Daga ƙarshe, hakimi ya tuna wa direbobin ƙasarsa dalilin dokar. Motar da ta ninka gudunta tana bukatar nisa ninki huɗu kafin birki ya tsayar da ita, ga shi kuwa a Kware da Bodinga yara da dabbobi na ƙetare titi kullum, balle ran kasuwa.