Darasin Juma'a: Kwana Biyu a Gida

'Yan uwa, tun da cutar citta ta 2023 ta cinye gonaki, da yawanmu a Kwoi mun kama sana'a uku: shago, awo, ga kai kaya Kafanchan. Wani ma sai yaransa sun yi barci yake ganinsu.

Ya zo a Bukhari, Salmanu ya tarar da Abu Darda'i kullum azumi da tsayuwar dare, har matarsa ta bar kwalliya. Ya sa shi ya ci abinci, ya kwanta. Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Nafila ce fa aka rage, balle bin kasuwa.

Hutu ba sai an je Kano ba. Damƙa wa yaron shago makulli kwana biyu, kashe waya bayan Azahar, yi ƙailula. Jam'i dai ban da shi, muna ganin sahu.