Amsoshin Tambayoyinku: Kifin da Ke Zaune a Ƙasan Teku

Tambaya: Ni mai sayar da kifi ne a Babbar Kasuwa ta Katsina. Ɗana ya nuna mini bidiyon wani farin kifi a waya, wai a zurfin kilomita takwas aka ɗauke shi. Gardama ta kaure a rumfarmu: wasu suka ce haɗin kwamfuta ne, wasu suka ce tarwaɗa ce tunda ba ta da ɓawo. Mece ce gaskiya?

Amsa: Kifin gaskiya ne, kuma yaronka bai ƙara gishiri ba. A shekarar 2022 ayarin masana ƙarƙashin Farfesa Alan Jamieson na Jami'ar Yammacin Ostireliya, tare da takwarorinsu na Tokyo, suka zura na'urar ɗaukar hoto cikin kwazazzabon Izu-Ogasawara da ke kudu da Japan. A zurfin mita 8,336 suka ga wani ɗan ƙaramin kifi yana iyo abinsa. Ba a taɓa ɗaukar hoton kifi a wuri mai zurfin haka ba.

Sai dai ba tarwaɗa ba ce, ko da yake ban ga laifin masu cewa haka ba. Jikinsa sumul yake, ga ƙaton kai, ga wutsiya tana sirancewa kamar ta ɗan kwaɗo kafin ya yi ƙafa. Amma kama da wane ba ta wane. Danginsa daban ne, masana na kiransu Liparidae, Turawa kuma suka laƙaba musu sunan da ke nufin kifin dodon koɗi saboda laushi da santsin jiki. Nau'insu ya haura 400, wasu a bakin gaɓa suke, wasu a can ƙasa. Da yawansu na da wani ɗan faifai a ƙarƙashin ƙirji da suke manne wa dutse da shi. Wanda ya fi shahara shi ne na kwazazzabon Mariyana a tekun Fasifik, wanda aka kamo a 2014, aka raɗa masa suna Pseudoliparis swirei a 2017. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne nauyin ruwan da ke kansa. Ka ɗauki buhun shinkafa mai kilo 50, ka jera goma sha shida, ka ɗora su duka a kan farcen babban yatsanka. Kusan haka ruwa ke danne kowane ɗan gurbi na jikin kifin nan, dare da rana, cikin duhun da hasken rana bai taɓa shiga ba, da sanyi kusa da na ƙanƙara. Mutum zai zaci sai halitta mai sulke ce za ta jure. Ashe da taushi Allah ya tsare shi. Ka san jakar iskar nan da kake cirowa idan ka fede karfasa? Shi ba shi da ita sam, don iska ce ruwa ke matsewa. Ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, rabi guringuntsi ne, ƙoƙon kansa ma bai rufe duka ba. Ƙarƙashin fata kuwa wani abu ne mai yauƙi, mai ruwa-ruwa, da ke taimaka masa ya yi iyo ba wahala. Fatar ta yi siranta har ana hango hantarsa daga waje.

Akwai kuma wani sinadari da ake kira TMAO, wanda ke tokare ƙwayoyin naman kifin kada matsi ya lalata su. Kai ma ka san shi, Malam, ko da ba da suna ba. Idan wuta ta ɗauke, kifin kwali ya fara saki, ƙarnin nan da ke tashi daga rubewar wannan sinadari yake fitowa. Iya zurfin da kifi ke zaune, iya yawansa a jiki. Amma abin yana da iyaka: idan ya yi yawa sai ya riƙa jawo ruwan teku cikin jiki, kamar yadda gishiri ke jan laima da damina. Shi ya sa masana suke ganin kifi ba zai wuce mita 8,200 zuwa 8,400 ba, alhali kwazazzabon Mariyana ya kusa mita 11,000.

Cimarsa ƙananan halittu ne masu kama da jatan lande, waɗanda ke taruwa a kan mushen da ya nutso daga sama. Zuƙe su yake yi, sannan wasu haƙora na biyu da ke cikin maƙogwaro su niƙe.

Idan abokan rumfa suka ƙi yarda, ka tuna musu da gaiwa, wadda ke kwanciya cikin busasshen laka tun daga kaka har ruwa ya sauka. Da ba mu saba ganinta ba, da ita ma mun ƙaryata. Amma kada su sa ran ganin wannan baƙo a kan tebur kusa da titus ko tarwaɗar madatsar Jibiya da Zobe. Da an fito da shi sama, ɗumi da rashin matsi kan sa jikinsa ya saki ya fara narkewa, sai masana sun yi hanzarin sanyaya shi kafin su iya auna shi.