ALJIHU A JIKIN HANJI

'Yan'uwana ɗalibai, kwanan baya na raka kawuna daga nan Shango zuwa asibiti cikin Minna. Ya daɗe yana fama da kumburin ciki da zawo, ga ƙarancin jini. Mu a gida mun ɗauka gyambon ciki ne, har aka ɗauki hoton cikinsa, likita ya nuna mini abin da zan bayyana muku.

Ƙaramin hanjin mutum tsawonsa wajen ƙafa 20 ne. Inda jijiyoyin jini suke ratsa jikinsa akwai rauni. In mutum ya manyanta, wani lokaci shimfiɗar ciki takan kutsa ta nan, ta yi ɗan aljihu a waje, galibi kusa da tumbi. Akwai kuma irin wanda ake haihuwar mutum da shi, wanda wani Bajamushe, Meckel, ya bayyana a 1809. Mutum wajen 2 cikin 100 suna da shi.

Yawancin masu aljihun nan ba su san da shi ba. Amma in abinci ya kwanta ciki, ƙwayoyin cuta sukan hayayyafa, su cinye abin da jiki yake gina jini da shi. Wannan shi ya sami kawu. Aljihun kuma yakan kumbura, ko ya zubar da jini, ko ya huje.

To, yaya ake ganinsa? Tun 1895 Röntgen ya gano hasken da yake ratsa jiki, amma hanji ba ya fitowa sosai kamar ƙashi. Saboda haka akan ba mutum wani farin ruwa mai kauri kamar kunu, watau bariyam, ya sha. In ya cika aljihun, sai a gan shi fari, kamar ƙwarya a rataye jikin hanji. Daga 1971 aka sami na'urar siti, mai nuna jiki yanka-yanka. A hotonta aljihun yakan fito zagaye, da iska da ruwa a ciki. In ya kumbura, gefensa ya yi kauri, kitsen da ke kewaye ya yi hazo.

An ba kawu magani, ya sami sauƙi, alhamdu lillahi. Ku kuwa gobe malamai ne, ku za a riƙa tambaya a ƙauye. In yaro yana bayan gida da jini, ko da ba ya jin ciwo, kada a ce basir ne a zauna. Ku sa iyayensa su kai shi asibiti tun da wuri.