Tsabtar Jiki: Yadda Ake Haɗa Maganin Warin Hammata A Gida

Unguwar Tudun Wada tana cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, a kan duwatsu, daura da Sakateriyar Gwamnatin Tarayya. Kowace safiya ma'aikata da ɗalibai da mata 'yan kasuwa sukan gangaro bakin titi, su cunkusu cikin ƙananan motoci da Keke Napep, kafaɗa na gugar kafaɗa. A irin wannan matsi ne warin jiki yake tona asirin mai shi. Abu ne da jama'a ke jin nauyin faɗa wa juna, amma ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. Yaro yakan ƙi zuwa makaranta saboda tsokanar 'yan ajinsu, mai sayar da abinci takan rasa masu ciniki, ana kuma ja da baya daga mutum a sahun masallaci ko a bencin coci, shi kuwa bai san dalili ba.

Tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, turaren hammata na kanti ya yi tsadar da gidaje da yawa suka haƙura da shi. Wasu sun koma shafa lemun tsami, ko kanwa, ko toka, har suka jawo wa fatarsu rauni. Wannan darasi zai bayyana inda warin yake fitowa, da yadda za a haɗa maganinsa a gida da kuɗi ƙalilan, da kuma abubuwan da ya wajaba a guje wa.

Daga ina warin yake fitowa?

A cikin fatar ɗan Adam akwai ƙananan maɓuɓɓugan gumi iri biyu. Iri na farko suna ko'ina a jiki, yawansu ya kai miliyan 2 zuwa miliyan 4. Gumin da suke fitarwa kusan duk ruwa ne da ɗan gishiri, aikinsa kuwa sanyaya jiki. Iri na biyu sun fi yawa a hammata da matsematsi, kuma ba sa fara aiki sai mutum ya balaga. Guminsu yana da kauri, yana ɗauke da maiƙo da furotin. Wannan shi ya sa ƙananan yara ba su cika yin warin hammata ba, sai sun fara girma.

Shi kansa gumin, sa'ad da ya fito, ba shi da wari. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kan fata su ne suke cinsa, su farfasa shi, su bar abubuwa masu ɗoyi. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila sun bayyana sinadarin da wata ƙwaya mai suna Staphylococcus hominis take amfani da shi wajen haifar da ɗaya daga cikin mafi ƙarfin wannan wari. Ƙwayoyin nan suna son ɗumi da danshi da gashi. Saboda haka duk maganin da zai yi amfani, na kanti ne ko na gida, lalle ne ya rage yawansu ko ya busar da wurin. Turare shi kaɗai rufe warin yake yi na ɗan lokaci, in kuwa aka fesa shi a kan dauɗa sai abin ya ƙara muni.

Abin da ya shafi Jos musamman

Birnin Jos yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga matakin teku, don haka ya fi yawancin biranen ƙasar nan sanyi. Mutum zai zaci inda ake sanyi ba a fama da warin jiki, amma sanyin kansa yana taimaka wa matsalar ta hanyoyi uku. Na ɗaya, a watannin Disamba da Janairu mutane sukan ɗaga wanka, ko su yi shi sama-sama, musamman inda sai an sayi ruwa wajen 'yan garuwa ko an ɗebo daga rijiya. Na biyu, ana sa rigar sanyi ɗaya kwana da kwanaki ba a wanke ba. Mai hawan tudu da safe cikin suwaita yakan yi gumi a ciki, gumin ya shige cikin zaren. Na uku, da damina, musamman a Yuli da Agusta, wanki ba ya bushewa da wuri, sai a kwashe shi da danshi a sa.

Irin yadin ma yana da tasiri. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Ghent ta Beljiyam a 2014 ya nuna cewa rigar roba ta foliyesta ta fi ta auduga riƙe wari bayan an yi gumi a cikinta. Mai sayen kayan sanyi na gwanjo a Kasuwar Katako, ko a wata kasuwa, zai kyauta ya wanke su da sabulu kafin ya sa, ya kuma riƙa sa singiletin auduga a ƙarƙashi, yana canza shi kullum.

Mataki na farko shi ne wanki

Babu haɗin da zai yi aiki a kan fata mai datti. A wanke hammata da sabulu da soso mai laushi sau ɗaya a rana aƙalla. Ranar da sanyi ya hana wanka, moɗa ɗaya ta ruwan ɗumi ta isa a wanke hammata da matsematsi da ƙafafu. A rage gashin hammata a kai a kai, kowa da rezarsa, domin yin tarayya a reza hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Bayan wanka a goge wurin ya bushe sarai, sa'an nan a shafa magani.

Haɗi na ɗaya: ruwan alif

Alif, wanda wasu ke kira alam, farin dutse ne mai kama da ƙanƙara, ana samunsa wajen 'yan koli a kusan kowace kasuwa. Jama'a sun daɗe da saninsa. Ana jefa shi cikin gurɓataccen ruwa don laka ta kwanta, masu aski suna goga shi a inda aska ta yanka, mata kuma suna wanke yauƙin tarwaɗa da shi. A kan fata yana tsuke ta, yana kuma hana ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa. Ga yadda ake haɗa shi:

1. A zaɓi alif fari tas, a ɗauraye shi, a shanya, a daka shi ya yi laushi.
2. A tafasa ruwa, a auni cikin gwangwanin madara ɗaya, a bar shi ya ɗan huce.
3. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin alif, a motsa har ya narke duka.
4. A tace da tsumma mai tsabta, a ɗura a kwalba mai murfi, a rubuta sunansa a jiki.
5. A jiƙa auduga a shafa a hammata bayan wanka, a jira ya bushe kafin a sa riga.

A riƙa haɗa sabo kowane mako, a zubar da wanda ya kwana biyu. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya yana iya samun dunƙule guda, ya goge kaifinsa, ya riƙa jiƙa shi yana shafawa. Alif yana rage wari, amma ba ya tsayar da gumi gaba ɗaya, kuma ba a so ya tsayar, don gumi aikin lafiya ne.

Haɗi na biyu: man kaɗe da sitaci

Wannan ya fi dacewa da masu busasshiyar fata, musamman lokacin hunturu. Sitaci yana tsotse danshi, man kaɗe kuwa yana riƙe shi a kan fata, yana hana kaushi. Ana bukatar babban cokali 3 na man kaɗe mai kyau, da babban cokali 3 na busasshen sitacin rogo ko na masara wanda aka tankaɗe, da ƙwayar kanumfari 3 ko 4 don ƙamshi.

A sa man a ƙaramin kwano, a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke. Kada a ɗora shi a kan wuta kai tsaye. A jefa kanumfarin a bar shi minti 10, sa'an nan a tsame shi. A zuba sitacin kaɗan-kaɗan ana juyawa, kada ya yi gudaji. A juye a ƙaramin gwangwani mai murfi, a bar shi ya daskare. Kwatankwacin ƙwayar wake ya ishi hammata ɗaya, fiye da haka sai ya ɓata riga. A sanyin Jos haɗin yakan sandare, sai an murza shi a tafin hannu. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa, inda zafin bazara yake wuce digiri 40, yakan narke, don haka a ajiye shi a inuwa, kusa da randa. Kada ruwa ya shiga cikinsa. In ya canza launi ko ƙamshi, a yar.

Kowane haɗi aka zaɓa, a fara gwada ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu, a jira kwana 2. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bar shi.

Abubuwan da za a guje wa

Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami-tsami. A ma'aunin da masana ke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, fata tana wajen 5. Duk abin da ya yi nisa da wannan yana iya cin ta. Kanwa da ruwan toka suna can sama, suna sa fata ta tsage, ta yi baƙi. Hodar bekin soda, wadda wasu ke sawa a haɗinsu, tana wajen 8, kuma ta sa mutane da yawa ƙuraje. Wanda ya nace sai ya sa, kada ya wuce rabin ƙaramin cokali a haɗin da aka ambata. Lemun tsami yana can ƙasa, wajen 2. Yana kashe ƙwayoyi, amma yana ƙona fatar da aka aske, kuma in ruwansa ya taɓa fata rana ta buge ta, yakan bar baƙin tabo na watanni.

Kada a shafa komai a hammata ranar da aka yi aski, ko a kan rauni, ko ƙuraje, ko makero. Kada a sha ruwan alif, kada a sa shi a al'aura, a kuma ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, domin yana kama da alewa.

Ya kamata kuma a san cewa alif yana ɗauke da sinadarin alminiyam, kamar yawancin magungunan hana gumi na kanti. Jita-jitar da ake yaɗawa cewa irin waɗannan suna kawo ciwon dajin nono, bincike bai tabbatar da ita ba. Sai dai mai ciwon ƙoda ya nemi shawarar likita kafin ya yi amfani da ɗaya daga cikinsu.

Yaushe za a je asibiti?

Wani lokaci wari ko gumi alama ce ta ciwo. A garzaya asibiti in an ji ƙullutu a hammata ko a nono. Haka nan in ana jiƙewa da gumi da dare tare da rama da tarin da ya wuce mako 2, gama yana iya zama tarin fuka, wanda ake maganinsa kyauta a asibitocin gwamnati. In numfashi ya koma ƙamshin 'ya'yan itace, musamman ga mai ciwon sukari, ko jiki ya ɗauki zarnin fitsari, kada a yi jinkiri. Wanda ya ga rawayen gudaji a manne da gashin hammatarsa, ya aske gashin, ya ga ma'aikacin lafiya.

Ga iyaye, malamai da masu sana'a

Yaro ko yarinya da suka fara balaga ba su cika jin warin kansu ba, domin hanci yakan saba da abin da yake shaƙa kullum. Hakkin iyaye ne su keɓe su, su koya musu cikin lalama. Malamin da ya lura da haka ya kira ɗalibi shi kaɗai, kada ya kunyata shi a gaban aji. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wanda kuma yake so ya mai da wannan haɗi sana'a, ya sani kayan shafa suna ƙarƙashin kulawar Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Lalle ne ya nemi rajista kafin ya kai kayansa kasuwa.

A taƙaice, a wanke, a busar, a shafa kaɗan, a canza tufafi. Gidan da ya kiyaye waɗannan huɗu ya tsare kuɗinsa da fatarsa da mutuncinsa. Wanda ya karanta wannan takarda ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.